Awarwaron da Muka Samu a Hannun Kawu

Ranar da muka binne Kawu, motoci suka cika gaban gidansa na Pleasant Garden har suka hau ciyawar maƙwabci. Lokacin ne da itatuwa ke zubar da garin furensu mai ruwan ɗorawa, duk motar da ta ɗan tsaya sai ta koma kala ɗaya da ta kusa da ita. Mata suna ciki wajen Hajiya, matarsa. Mu maza muka fitar da motarsa daga gareji muka shimfiɗa darduma.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni kaɗai ne namijin da ya haɗa jini da shi a ƙasar nan ta Amurka, don haka ni na zauna bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Farfesa." In amsa, a shafa, mutum ya matsa ciki. Da ya matsa ciki kuma sai murya ta yi ƙasa. Garejin ba shi da girma, ina jin komai.

"Wai shi aikin me ma yake yi takamaimai?"

"Maganaɗisu, in ji su."

"Mutum ya ƙare rayuwarsa a kan abin da ake manna wa firij? Akwai dai abin da ba a faɗa mana ba."

Wani direban babbar mota ya ce shi ya ji makamai ake haɗawa da irin wannan karatu. Wani ya ce ai shi ya sa marigayin ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Wani dattijo ya ce ku lura, kullum a ƙarshen sahu yake tsayawa, kusa da ƙofa, kamar mai jiran a kira shi. Ana cikin haka sai ga Turawa biyu daga jami'ar da ya yi ritaya, wani tsoho da wata mata mai furfura. Suka cire takalma suka tsaya ba su san inda za su zauna ba. Na ji wani a bayana ya ce, "Ga su nan, sun zo kwashe takardu."

Ban yi fushi sosai ba, domin Kawu da kansa bai taɓa sauƙaƙa wa mutane saninsa ba. Amma na ji tsoron kada hirar gareji ta zama ita ce tarihinsa. Shi ya sa nake rubuta abin da na gani.

Mahaifiyata takan ce tun yana yaro a garinmu, in rediyo ta mutu a unguwa, shi ake kai wa gawar. Ba gyara yake yi ba. Baƙin ƙarfen da ke bayan lasifika yake cirewa, ya ɗaure da zare yana jan shi cikin yashi, ya dawo gida ƙarfen ya yi gashi. Daga nan sai Zariya, daga Zariya aka ba shi gurbin karatu a wata jiha mai sanyi can arewacin Amurka. Ya daɗe a can yana bincike da koyarwa, har Hajiya ta ce gwiwoyinta sun gaji da ƙanƙara, suka gangaro Greensboro.

Da na zo karatun harhaɗa magani, a gidansa na zauna. Wata rana muna cin tuwo na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da kowa ke tambaya a bayan idonsa. Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, kamar yana auna ko wani ne ya aiko ni. Sannan ya jawo cokula uku.

Ya ce a cikin kowane abu akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowacce kamar allurar da ke nuna alƙibla. A cikin ƙarfe sukan haɗa baki su fuskanci wuri ɗaya, wannan haɗin bakin shi ne jan da muke ji. A wasu abubuwan kuwa kowace ƙwaya so take ta juya wa maƙwabciyarta baya. Ya jera cokulan kamar duwatsun murhu.

"To, ga su uku. Kowa yana so ya saɓa wa sauran biyun. Shirya min su."

Na juya na farko gabas, na biyu yamma. Na ɗauki na uku na rasa inda zan kai shi. Duk inda ya fuskanta sai ya yi daidai da ɗaya.

"Wannan na ukun," in ji Kawu, "shi ya ciyar da gidan nan."

Ya ce a irin wannan ƙanƙanta hankalin da muke tsallaka titi da shi ba ya aiki, dokokin wurin daban ne, su ake kira kwantom. Ƙwaya takan fuskanci gabas da yamma lokaci guda, sai ka zo dubawa ta zaɓi ɗaya. Na ce ashe munafuka ce. Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke motsi.

"Munafiki ya san inda ya dosa. Ita kuwa ita kanta ba ta sani ba."

Aikin ke nan. Babu makami, babu ɗakin ɓoye. Fensir ne da farar takarda da allo a bangon ɗakinsa na ƙasa, da lissafin da yakan bi shafi bayan shafi yana tsaki. Matar nan mai furfura da ta zo ta'aziyya ɗalibarsa ce ta dā. Da na raka ta mota ta tsaya ta ba ni labari da Turanci. Ta ce akwai lokacin da lissafinsa ya nuna cewa a wasu abubuwa allurorin nan ba sa taɓa natsuwa ko da an kai su ƙarshen sanyi, kuma masana da yawa suka ƙi yarda. Bayan shekaru masu auna abubuwa a ɗakin gwaji suka fara ganin alamar haka. Ta shiga ofishinsa da gudu tana murna. Ta ce ko murmushi bai yi ba, tambayar da ya fara yi ita ce wa ya duba na'urar tasu, kuma wa ya tabbatar abin da suka auna ba shi da datti. Ta ce ya taɓa janye wani aikinsa da aka riga aka yaba, saboda ya gano kuskure a ciki wanda babu wanda ya gani sai shi.

Ban yi mamaki ba. Haka yake a gida. In ka kawo masa labari sai ya ce, "Wa ya faɗa maka?" In ka faɗa, ya ce, "Shi kuma wa ya faɗa masa?" Ba a kai na uku labarin ya mutu. Takardar da ke cikin kwalin magani, wadda ko mu masu aikin ba ma karantawa duka, shi sai ya karance ta har ƙarshe. In an yabe shi a taro, a mota zai tambayi Hajiya, "Me mutumin nan yake nema?" Ƙungiyar 'yan gida ta so ta naɗa shi uban ƙungiya, ya ce sai ya ga abin da za a riƙa sa wa hannu da sunansa, aka bar maganar.

Ba zan ce halin nan bai cutar da kowa ba. Hajiya ta kulle ƙofa, sai ya tashi ya sake murɗawa a gabanta. Ta taɓa ce min, tana yanka albasa, "Kawunka ko ni ce na ce masa ana ruwa sai ya leƙa taga." Da dariya ta faɗa, amma ba dariya ce duka ba. 'Yarsu tilo da ta kawo wanda take so, tambayoyin da Kawu ya yi wa yaron sun sa ta daɗe ba ta taka gidan ba. Daga baya sun shirya, yaron kuma mutumin kirki ne. Kawu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, cewa ya yi bincike ya kammala.

Amininsa a garin nan shi ne Alhaji mai shago a Gate City Boulevard, inda muke sayen kuka da daddawa da garin tuwo. Garinsu ɗaya. Duk Juma'a bayan masallaci Kawu yakan zauna bayan kanta a kan buhun shinkafa su sha shayi, Alhaji yana zuba, shi yana musu. Har Alhaji ya fara kawo wani awarwaro, baƙaƙen duwatsu a jere a kan roba, wai maganaɗisu ne mai tace jini, yana saukar da hawan jini da suga. Ya ajiye kwalin kusa da injin kuɗi. Tsofaffinmu suka yi ta saye. Ban ce Alhaji ya san ƙarya ba ce, matarsa ma tana sawa.

Rigimar ta tashi a walimar suna, a wani zaure da aka kama a Summerfield. An ba Alhaji makirufo ya yi addu'a, da ya gama sai ya zarce da tallar awarwaro. Ya ce ga ma Farfesa nan zaune, duk Amurka babu wanda ya fi shi sanin maganaɗisu, a tambaye shi.

Kawu ya ajiye cokali ya miƙe. Bai karɓi makirufo ba.

"Alhaji, da ka tambaye ni a shago da na amsa maka a shago. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin wanda wannan abin ke ja ba ne. Da yana ja, duk wanda aka tura cikin injin hoton nan na asibiti da bai fito da rai ba. Wanda ya sa don ado, ya sa. Wanda ya ajiye maganinsa saboda shi, yana wasa da ransa, kuma kai ka miƙa masa."

Ya zauna ya ci gaba da cin shinkafarsa. Alhaji ya tsaya da makirufo a hannu, fuskarsa ta canza. Daga ranar shayin Juma'a ya ƙare. Daga ranar kuma aka fara cewa kamfanonin magani ke biyan Farfesa, ai ga ɗan ƙanwarsa nan a famasi. Wasu da ke gaishe ni a masallaci suka koma ɗaga hannu daga nesa.

Shekaru suka wuce a haka. Zuciyarsa ta fara rauni, ya rame, ya daina tuƙi, a ƙarshe ya kwanta a gida ma'aikaciyar jinya tana zuwa duba shi. Da hantsi ya cika, Hajiya tana gefensa.

Mu uku muka yi masa wanka: ni, da na'ibin liman, da ƙanen Alhaji mai shago, wanda ya saba da wannan hidima. Kawu mutum ne mai doguwar riga, hannu a ɓalle har wuyan hannu ko ana zafi. Da na zare hannun rigar na hagu sai na ga abin, an tura shi sama kusa da gwiwar hannu. Baƙaƙen duwatsu a kan roba.

Na ɗaga kai. Na'ibi ya kawar da ido. Ƙanen Alhaji bai kawar ba. Na cire na sa a aljihu, muka ci gaba.

Abin da mai wanka ya gani amana ce, kowa ya san haka. Amma kafin sadakar uku saƙon murya ya zaga wayoyi: Farfesa da kansa da awarwaro ya mutu, ya gane gaskiya a ƙarshe, girman kai ne ya hana shi faɗa. Ban san muryar ba. Ƙanen Alhaji ya rantse min ba shi ba ne, matarsa kawai ya gaya wa.

Da na koma aiki na ga inda maganar ta kai. Akwai dattawanmu da na san ranar da maganinsu ke ƙarewa, ledojinsu suka zauna a kan kanta ba a zo ɗauka ba. Na kira wani Baba na ce sabon maganinsa ya yi ready, ya zo ya karɓa. Ya ce, "Bar shi tukuna, ɗana. Kawunka ma ai ya dawo hanya."

Zargina na farko a kan Alhaji ya sauka. Na san ya zo duba Kawu ana saura kwanaki ya rasu, karo na farko tun rigimar, kuma an bar su su biyu a ɗaki. Na kuma gan shi a maƙabarta yana kuka har ana riƙe shi, na tsaya ina kallon kukan ina neman inda aka yi masa ɗinki. Na same shi a shago da rana babu kowa. Kwalin yana nan kusa da injin kuɗi, ya kusa ƙarewa. Na ajiye awarwaron a kan kanta.

"Alhaji, kai ka sa masa?"

Ya dube shi, ya dube ni. "Ni? Mutumin da ko ruwa na miƙa masa ranar sai da ya tambayi daga ina? Wallahi ban sa masa ba. Gafara na je nema, ya ce ya yafe, amma maganarsa tana nan yadda ya faɗe ta." Ya ɗauki abin ya juya. "Wannan ma tsohon kaya ne, irin na farkon da na kawo. Dubi robar."

Na riga na duba. Robar ta saki, duwatsun sun dushe. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: inda na cire shi fatar ta yi haske, ta yi zobe, irin na abin da ya daɗe a jiki. Ba a sati ɗaya ake yin wannan ba.

Nan zargin ya juyo inda ban so ba. Na riƙa tuna shi a kujerar falo yana haki, yana kallon bango. Na ce ko tsoron mutuwa ne ya kai shi inda iliminsa ya hana. Na ga irin haka a wurin aiki, likitoci ma sukan sayi abin da suka san banza ne in ciwo ya kai ciwo. In haka ne, to ya tozarta amininsa a gaban jama'a a kan abin da shi ma ya koma yana ɓoyewa a ƙarƙashin riga. Na yi kwanaki ina tuƙi zuwa aiki da wannan tunanin, in na tsaya a danja sai in taɓa aljihu.

A ƙarshe na je wurin Hajiya. Tana takaba, tana zaune a kan darduma a falo da farin mayafi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na fito da shi. Ba ta yi mamaki ba.

"Na san za ka zo. Kai ma jininsa ne."

"Hajiya, ke kika sa masa?"

"Ni da na kasa sa shi ya sa hular sanyi?" Ta gyara mayafi. "An ce in yi shiru, kuma na yi. Amma wanda ya ce in yi shirun bai san za a yi tallar abin da gawarsa ba. Ka je wurin Mama 'yar Maraɗi. In ta ga dama ta faɗa maka."

Na san Mama sama-sama. Tsohuwa ce da ɗanta ya kawo ta rainon jikoki, suna zaune a rukunin gidajen haya da ke bayan Gate City. Ɗan yana aikin sito, matarsa tana kitso, yini take ita kaɗai har yara su taso daga makaranta. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe ƙofa iya tsawon sarƙa, ido ɗaya a waje.

"Wa ne? Mi kake so?"

Na ce ni ne ɗan ƙanwar Farfesa. Ta ce in matsa baya ta gan ni duka. Sannan ta cire sarƙar.

Da ta ga awarwaron a tafin hannuna sai ta zauna. Ta ce nata ne. Ta ce lokacin da ta saye shi ta ajiye maganin tansiyo, wato hawan jini, don dama ba ta yarda da ƙwayar lokotoro, likitan Turawa, ba, tana sa ta jiri. Rannan ta faɗi a kicin, jika ya dawo ya same ta. Bayan an sallamo ta daga asibiti sai ga wannan mutum a bakin ƙofa, ita ba ta san shi ba, a masallaci ya ji labari.

"Na ce masa ai kai ne wanda ake biya. Ya ce eh haka ake cewa. Ya zauna nan inda kake, yana ta yi mini bayanin jini da ƙarfe. Na bar shi ya gama. Na ce in abin ba komi ba ne, mi ya sa kake tsoronsa? Ya ce ba tsoro ba ne. Na ce to sa shi mana."

"Ya sa?"

"Ya ce zai sa, amma da sharaɗi. Duk ranar da na sha ƙwayata, yana hannunsa. Ranar da na tsallake, ya cire ya jefa a shara a gabana." Ta ɗan yi murmushi. "Ni kuma na ce a raina bari in ba shi, in ya ji daɗin jikinsa zai gane da kansa."

Duk Alhamis yakan zo. Kafin ya zauna sai ta ce ya naɗe hannun riga. Ba ta tsaya nan ba, takan duba fatar, don ta tabbatar ba a mota ya sa shi ba. Shi kuma sai ya ɗauki akwatin ƙwayoyinta mai gidan kowace rana ya bubbuɗe, ya leƙa kwandon shara, har ƙarƙashin matashin kujera ya taɓa ɗagawa. Shi ya kai ta wurin likita aka canza mata wanda ba ya sa jiri. Ta ce ba su taɓa rabuwa ba tare da gardama ba.

Na ce to da ya kwanta fa, ya daina fita?

"Ta waya. Hajiyarsa ta riƙe masa, ya nuna mini hannu, ni in haɗiye ƙwaya yana kallo."

Wannan ne ya karya ni. Mutumin da ya ƙi hoto duk rayuwarsa, wanda ya manna takarda a kan idon kwamfutarsa, shi ne ya kwanta yana ɗaga ramammen hannunsa ga waya duk mako. Mama ta ce, "Kuma ka sani, ba don awarwaron nan ba da tuni ya tafi. Shi ya ja masa kwana." Na buɗe baki zan yi musu, na rufe.

Na roƙe ta ta bar ni in faɗa wa mutane. Da farko ta ƙi, ta ce ba za a mai da ita abin hira a wurin kitso ba. Na gaya mata zancen ledojin da ke kan kanta ba a ɗauka ba. Ta yi tunani, ta ce in faɗa, amma ban da sunanta da na ɗanta. Ban faɗa ba, nan ma ban rubuta ba.

Liman ya ba ni dama bayan sallar Juma'a na yi bayani a taƙaice. Wasu sun girgiza kai suna salati. Wasu na ga suna kallon juna, na san abin da suke cewa: ɗan famasi ya shirya labari, ina tsohuwar take in gaskiya ne? Baban nan ya zo ya karɓi maganinsa. Wasu har yau ba su zo ba. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe yana share ido, da na koma shagon kwalin ba ya kan kanta. Ko ya zubar, ko yana ƙarƙashi ana miƙa wa wanda ya tambaya, ban sani ba. Na so in leƙa, na fasa.

Alhamis ɗin da ta biyo na koma wurin Mama. Na buɗe akwatin ƙwayoyin, gidan Talata da na Laraba a cike.

"Mai duba ni ya tafi," in ji ta.

Na ce ni zan riƙa zuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ni yaro ne mai aiki da iyali, irinmu sati biyu muke yi mu ɓace. Na ce ta gwada ni. Ta tashi a hankali ta ɗebo ruwa, ta haɗiye ƙwayar, ta buɗe baki ta ɗaga harshe ba tare da na ce ta yi ba. Sannan ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga.

"Allah ka jiƙan bawanka mai gardama. Ka haskaka kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa ya samu amsar da za ta gamsar da shi. Ka ba Hajiyarsa haƙuri."

Na ce amin. Ta rako ni bakin ƙofa. Na ce sai Alhamis, Mama.

"Za mu gani," ta ce, ta mai da sarƙar.